Ɗigo Ɗaya a Idon Baba

Jirgin ranar Laraba ne ya kawo Fili daga Auckland, kuma tun kafin ya sauka ƙanwarsa Seini ta riga ta ƙona tukunyar gwaza guda saboda ɗoki. Rabonsu da juna shekara shida. Ranar Asabar mahaifinsu Manase zai cika shekara tamanin, kuma babu wanda bai san da maganar ba a ƙauyensu na tsibirin Vava'u. An ware aladu bakwai, an haƙo doyar da sai mutum biyu sun kama ake ɗagawa, mata sun yi wata uku suna saƙa tabarmar ado da zai ɗaura a ƙugu bisa al'adarsu. Abin da ya fi duka, tsohon da kansa zai sake tsayawa gaban mawaƙan coci ya ba su hannu yana jagorantar waƙa, kamar yadda ya yi shekara arba'in da ɗaya kafin ya ajiye sandar.

Seini malamar aji huɗu ce a makarantar ƙauyen, shekararta arba'in da uku, kuma ita ke zaune da Baba tun rasuwar mahaifiyarsu bara waccan. Mace ce mai yawan fargaba. Idan ta kulle ƙofa sai ta dawo sau biyu ta taɓa kwaɗon. Wannan makon kuwa fargabar da murnar sun cakuɗe mata, har ta kasa bambance su.

Da motar ta tsaya a ƙofar gida, Fili ya diro da ƙaton cikinsa, rigarsa mai furanni na neman tsagewa. Direban bas ne a can, kuma da muryar direba yake magana ko a cikin ɗaki.

"Seini! Wannan ƙaurin da na jiyo tun daga filin jirgi, girkinki ne?"

"Yaya, ka shigo tukuna kafin ka fara. Ko gaisuwa ba mu yi ba."

Baba na zaune a baranda a kan tabarmarsa, ya miƙe baya kamar yadda ya saba, yana kallon hanya. Fili ya hau ta matakalar gefe, ya durƙusa a hagunsa, kusa sosai, ya sunkuyar da kai yana jira. Baba bai juyo ba. Ya ci gaba da kallon hanya, can ya ce, "To ina yaron yake? Na ji muryarsa, ko ya tsaya cin abinci a mota ne?"

"Baba, ga ni nan fa!"

Tsohon ya ɗan zabura, ya juyo da kansa gaba ɗaya, sannan ya yi dariya. "Ai ramewa ka yi, shi ya sa ban gan ka ba."

Duk wanda ke tsakar gidan ya fashe da dariya, har da matan da ke goge kwakwa a bayan madafa. Seini ma ta yi, har da riƙe ciki. Fili ya kwashi jakunkunansa ya kai ɗakin waje, inda namiji ke sauka idan 'yar'uwarsa na cikin gida, yana tafe yana rantsuwa cewa kilo biyu ya rage a bana.

Abu ɗaya ne Seini ba ta gaya wa kowa ba. Mako uku ke nan kullum da safe, idan ta kai wa Baba shayi, sai ta tarar da kumatunsa a jiƙe. Yakan goge da sauri da bayan hannu. Ita kuwa ta ɗauka kewar mahaifiyarsu ce ke taso masa yanzu da biki ya matso, sai ta ajiye kofin ta fita a hankali, ta je bayan tankin ruwa ta yi nata kukan. 'Ya ba ta tambayar mahaifinta abin da ya sa shi hawaye.

Ranar Alhamis da hantsi ya kira ta. Littafin waƙoƙinsa na hannunsa, wanda bangonsa ya yi laushi kamar tsumma, a cikinsa da lambobi ake rubuta sautin kowace waƙa.

"Ki ɗauki babbar takarda ki kwafe mini lambobin waƙar nan ta Asabar. Ki yi su manya-manya."

"Kamar yaya, Baba?"

"Kamar tafin hannunki. 'Yan layin baya ne ke ƙorafi ba sa gani."

Ta karɓa da hannu biyu, ta tafi teburin ɗakinta tana murmushi, don tun tana yarinya ba a yarda kowa ya taɓa littafin nan. Ta shimfiɗa takarda, ta buɗe alƙalamin allo, ta buɗe littafin. Sai wata farar takarda mai ninki huɗu ta zamo daga tsakiya ta faɗi a cinyarta.

Ba ta yi niyyar karantawa ba. Amma Seini irin mutanen nan ce da ba sa iya ganin rubutu su kau da kai, ko na jikin gwangwanin kifi ne. Kafin ta hana kanta idonta ya kai layi na uku.

Daga likitocin ido ne, waɗanda ke zuwa asibitin garin Neiafu sau ɗaya a shekara. Da Turanci aka rubuta. An ce Manase na da hawan jinin ido a duka biyun, na hagu ya fi tsanani. An ce ciwon ba ya zafi, daga gefe yake cin gani a hankali, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. An ce ɗigo ɗaya a kowane ido kullum da safe zai iya tsare abin da ya rage. A ƙasa kuma an ja layi da jan biro: ciwon yana bin jini, a gaya wa 'ya'yansa da 'yan'uwansa su zo a duba su. Likitocin suna nan har ranar Juma'a da tsakar rana.

Juma'a. Gobe ke nan.

Ta karanta sau uku. Sai abubuwa suka fara faɗo mata ɗaya bayan ɗaya: Fili a durƙushe a hagu, kofin da Baba ya ture makon jiya, lambobi kamar tafin hannu. Da kumatun nan. Ashe ba hawaye ba ne. Magani ne yake ɗigawa da hannunsa mai rawa, yana zuba a kumatu, ba ya shiga idon. Mako uku! Ita kuma tana bayan tanki tana taya shi kukan da ba ya yi.

Ta miƙe, ta zauna, ta sake miƙewa. Ba tsoro kaɗai take ji ba. Akwai magani. Akwai sauran gani. Akwai sauran yini ɗaya cur. Ta nufi baranda da takardar a hannu, ta kai bakin ƙofa, ta hango bayan kan Baba mai furfura, sai ƙafarta ta tsaya. Me za ta ce? Na buɗe sirrinka? Idan ta kai wa Fili kuwa, kafin ta rufe baki duk masu goge kwakwa sun ji.

Mutum ɗaya ce a duniya ke iya tsare Manase da tambaya.

Gwaggo Kalo, yayar Baba, ta iso daga Nuku'alofa, babban birnin ƙasar, tun ranar Litinin, kuma tun ranar ba ta ɗaga ko cokali ba, don ba a sa yayar uba aiki a gidan ƙaninta. Shekararta tamanin da huɗu. An kafa mata kujera a gindin mangwaro, an shimfiɗa mata tabarma mafi kyau a ƙarƙashin ƙafa, daga nan take mulkin gidan da mafici.

"Ke kuma lafiya kike gudu kamar kazar da ta ga wuƙa? Zauna. Waccan doyar wa ya fere ta haka, da haƙori?"

Seini ta zauna a ƙasa, ta tanƙwashe ƙafa gefe ɗaya. "Gwaggo, magana ce a kan Baba."

"Me ya yi? Aure zai ƙara?"

"A'a, Gwaggo. Idonsa ne."

Ta karanta mata takardar tana fassarawa, tana tuntuɓe a kan kalmomi kamar ba ita ke koya wa yara karatu ba. Maficin Gwaggo ya rage sauri, ya rage, har ya tsaya.

"Sake karanta mini wurin jan biron."

Ta sake.

"Kakanku," in ji Gwaggo a hankali, "da sanda ya ƙare. Muka ce tsufa ne." Sai ta buga maficin a hannun kujera. "Kira mini Manase. Ki kira wancan mai cikin ma."

Baba ya zo yana taka ƙasa a hankali, ya zauna a tabarma ƙasa da kujerar yayarsa, shi da ake shirin yanka wa aladu bakwai. Fili ya zauna can nesa da Seini, yana share man kwakwa daga hannunsa. Gwaggo ta ɗaga takardar da yatsa biyu.

"Wannan fa?"

Baba ya juyo da kansa gaba ɗaya ya duba. Bai kalli Seini ba, kuma hakan ya fi mata ciwo fiye da a ce ya harare ta.

"Bayan biki na so in faɗa," ya ce.

"Bayan biki likitocin suna can ƙasarsu suna shan shayi. Kai tun kana yaro haka kake. Ƙaya ta soke ka a ƙafa ka ɓoye har sai da ta yi ruwa, ni na goya ka zuwa wurin mai magani. Ka manta?"

"Yaya, yara sun taho daga nesa don su yi murna. In tare su da ciwo a bakin ƙofa? In ce ga gadon da na bar muku?"

"Wane ciwo?" in ji Fili. "Wai me ake ciki ne? Kowa ya sani sai ni?"

Gwaggo ta nuna Seini da mafici, Seini ta sake bayani, wannan karon a taƙaice.

Fili ya tafa hannu. "To ai da sauƙi! Kawo maganin. In riƙe kan, in buɗe idon, ɗis, an gama. A Auckland kowa haka yake yi wa tsohonsa."

Har matan bayan madafa sai da suka daina goge kwakwa.

"Kan wa za ka riƙe?" in ji Gwaggo.

Fili ya sunkuyar da kai. "Tuba nake, Gwaggo. Bakina ne."

"Bas ɗin ya cinye maka hankali."

Babu ɗan da ke taɓa kan mahaifinsa. Seini ta san wannan tun kafin ta san haruffa, kamar yadda ta san ba a cin ragowar abincinsa, ba a sha a kofinsa. Shekara biyu tana wanke masa kaya tana dafa masa abinci, amma ko hularsa da ta faɗo, da sanda take ɗauko ta.

"Da uwarsu na nan da ita za ta sa mini," in ji Baba. Ya fito da 'yar kwalbar daga ninkin zanensa, ya riƙe ta, hannun na rawa. "Na gwada. Wallahi kullum ina gwadawa."

"Miƙo nan," in ji Gwaggo. "Ni kam kanka bai fi ƙarfina ba. Ni na yi maka aski har ka shiga makaranta."

Ta kama haɓarsa ta ɗaga, ta kanne ido ɗaya kamar mai harbin tsuntsu, ta matsa kwalbar. Ɗigon farko ya sauka a girarsa. Na biyu a kan hancinsa. Na uku ya faɗa kan rigarta.

"Ka daina motsi mana!"

"Ban motsa ba, Yaya. Hannunki ne."

"Hannuna lafiyarsa ƙalau, kanka ne ya karkace tun haihuwa."

Fili ya toshe baki, kafaɗunsa na girgiza. Seini ta ciji leɓe. Amma dariyar ba ta daɗe ba, don kowa ya san Gwaggo za ta koma gida ranar Litinin, ko da hannunta ya iya.

Gwaggo ta goge rigarta. "To, ni na ba da izini. Seini ta riƙa sa maka. Ni ce babba a gidan nan, na ɗauke mata."

"A'a."

Ba a taɓa jin Manase ya ce wa yayarsa a'a ba.

"Ki yi haƙuri, Yaya. Kin tuna ɗan gidan Lisiate da ya shafa kan ubansa yana wasa, wuyansa ya kumbura? Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, ba zan gwada a kan 'yata ba. Na ga duniya shekara tamanin. Gara in rasa idon da wani abu ya same ta saboda ni."

Seini ta kalli ƙasa. Duk tsawon lokacin nan ta ɗauka girman kai ne ya hana shi magana. Sai ta ji bakinta ya buɗe da kansa, a gaban Baba, a gaban Gwaggo, ba tare da an ba ta dama ba.

"Baba, to mu je goben. Dukanmu. Idan ba don kai ba, don Yaya Fili, shi da ke tuƙa mutane. Sauran kuma ka bar ni in tambaya."

Baba ya daɗe yana juya kwalbar a hannunsa. "Ƙarfe nawa suke buɗewa?" ya ce.

Ranar Juma'a da sassafe suka cika motar ɗaukar kaya ta maƙwabcinsu. Gwaggo a gaba, da kujerarta ɗaure a baya don ba ta yarda da kujerun asibiti ba. Labari ya riga ya zaga dangi, sai ga 'ya'yan ƙannen Baba su biyar sun ɗare bayan motar, kowa da tabarmarsa a ƙugu kamar masu zuwa coci. Tun kafin su fita ƙauyen wani ya ɗauko waƙar Asabar, sauran suka karɓa da muryoyi iri huɗu, Fili na bugun gefen mota. Mutanen da ke hanya suka riƙa ɗaga hannu suna tambaya ko bikin ne aka matso da shi.

"Ido za mu kai awo!" Fili ke amsawa da ƙarfi. "Na gado ne! Ku ma ku duba naku!"

"Rufe mana baki, mai shelar banza," in ji Gwaggo ta taga. Amma Seini ta hango Baba ta madubi yana ba da hannu a kan gwiwarsa, yana bin waƙar.

A asibiti layi ya kai har gindin bishiya. Seini ta riƙa duba agogo, tana lissafa kawunan da ke gabansu, tana sake lissafawa. Gwaggo ta sa aka kafa mata kujera a bakin ƙofa, ta kalli mutanen layin ɗaya bayan ɗaya har sai da wani dattijo ya tuna cewa matarsa jikar ƙanin kakanta ce, ya matsa musu. Ƙarfe goma da rabi suka shiga.

Likitar, wata doguwar mace mai gilashi, ta auna Baba. Ma'aikaciyar jinyar da ke fassara, 'yar tsibirin ce mai suna Hehea, ta tambaye shi ko yana sa maganin.

"Kullum," in ji Baba.

"Idan ka sa, kana jin ɗan ɗaci yana sauka a maƙogwaro bayan ɗan lokaci?"

"Ɗaci? A'a."

"Wannan maganin yawanci ana jin sa. Awonka kuma bai sauka ba ko kaɗan. Baba, ina jin bai taɓa shiga ba."

Likitar ta yi bayani, Hehea ta fassara. Gefen idon hagu ya tafi, ba zai dawo ba. Amma tsakiyarsa na nan, na dama kuma da sauransa sosai. Idan ɗigon na shiga kullum, ana sa ran zai ci gaba da karanta lambobinsa.

Aka auna sauran. Seini lafiya. 'Yan'uwan nan biyar lafiya, sai ɗaya da aka ce ta dawo baɗi. Gwaggo ta fito tana kaɗa mafici, tana sanar da duk layin cewa likita ta ce idonta na budurwa ne, alhali abin da likitar ta ce shi ne babu hawan jini, sai 'yar yana. Fili ne ya fito a sanyaye, riƙe da takarda. Awon idonsa na dama ya hau. Bai fara cin ganin ba tukuna, an kama shi da wuri, an rubuta masa wasiƙar da zai kai asibiti a Auckland.

Ya tsaya gaban Baba, wannan karon ta dama. "Da ka bari sai bayan biki," ya ce, sai ya kasa ƙarasawa. Baba ya kama hannunsa ya riƙe.

Seini ta bi Hehea har wurin wanke hannu.

"'Yar'uwa, don Allah, akwai yadda za a sa wa mutum maganin nan ba tare da an taɓa shi ba? Ko kaɗan. Ko gashin ido."

Hehea ta kalle ta, ta yi murmushi. "Mahaifinki ne ko? Ke ce ta huɗu da ta tambaye ni a makon nan. Sauran duk a bakin ƙofa suka yi raɗa suka gudu kafin in amsa. Zo ki gani."

Ta kwantar da Seini a gadon awo, ta nuna mata da ruwan wanke ido. Seini ta sa aka maimaita sau uku, sannan ta rubuta a bayan hannunta da biro, don ta san kanta.

Da suka dawo gida rana ta take. Hayaƙin ramin gashi ya cika tsakar gida, maza na jera duwatsu masu zafi, amma da aka ga an shimfiɗa tabarma a baranda kowa ya saki abin da yake yi. Gwaggo ta kore su da mafici, suka ja baya taku uku suka tsaya.

"Baba, ka kwanta rigingine," in ji Seini. "Ba matashi. Ka rufe ido kamar mai barci."

Ya kalle ta. "Ba za ki taɓa ba?"

"Ko gashi ɗaya. Gwaggo ce shaida."

"Ina kallo," in ji Gwaggo. "Da idon budurwa."

Ya kwanta. Seini ta durƙusa a gefensa daidai kafaɗa, ba ta saitin kansa ba, ta sunkuya sosai don kada ta yi masa tsaye a kai. Ta maida hannun hagu bayanta ta damƙe rigarta da shi. Na daman ya ɗauki kwalbar, sai ya fara rawa, rawa sosai, irin wadda yake yi ranar da masu duba makarantu suka shigo ajinta. Ba ta taɓa ganin fuskar Baba kusa haka ba. Akwai ɗan tabo a girarsa da ba ta san da shi ba.

"Seini," ya ce, idonsa a rufe. "Ja numfashi daga ciki, kamar za ki ɗauki doguwar waƙa. Riƙe. Yanzu."

Ta riƙe numfashin. Hannun ya tsaya. Ta saita bakin kwalbar sama da lungun idon, can kusa da hanci, tazarar yatsa biyu, ta matsa. Ɗigo ɗaya ya sauka ya taru a lungun, yana ƙyalli, bai gangara ba.

"Buɗe, Baba. A hankali."

Ya buɗe. Ɗigon ya shige ya ɓace. Ya ƙifta, ya sake rufewa kamar yadda ta ce. Ta zagaya ta wajen ƙafafunsa, ta durƙusa a ɗaya gefen, ta yi wa na biyun. Kumatunsa a bushe.

Wani alade ya yi kuka a bayan gida. Seini ta zauna a kan dugaduganta tana kallon agogo, minti ɗaya, minti biyu, har ta fara tunanin ko ta yi kuskure, ko Hehea ta ce lungun waje ne ba na ciki ba. Ta duba bayan hannunta, gumi ya goge rabin rubutun.

Sai Baba ya yamutsa fuska. Ya motsa baki, ya haɗiye, ya sake yamutsawa.

"Kai! Wannan abu da ɗaci yake!"

Ihun da Seini ta yi, ita kanta ba ta san tana da irinsa ba. Matan madafa suka ɗauki guɗa, Fili ya daki tankin ruwa har ya yi ƙara kamar ganga, wata ƙanwar mahaifiyarsu ta shiga rawa da ludayi a hannu. Gwaggo na cewa a yi shiru, a yi shiru, ana tsorata mara lafiya, amma maficinta na bin kiɗan.

Baba ya tashi zaune yana ta haɗiyar yawu. "Kullum zan sha wannan ɗacin?"

"Kullum, Baba. Kafin shayi."

"To ki riƙa ƙara sukari." Ya juyo da kansa ya nemi Fili. "Kai, kawo wayar nan taka mai hoto. Kira mini Pesi."

Pesi ce autarsu, tana Sydney, cikinta ya tsufa shi ya sa ba ta zo ba. Seini ta matso. "Baba, ko in yi mata bayanin?"

"A'a. Ciwona ne, ni zan faɗa. Ke dai tsaya kusa, ki gyara mini in na yi kuskuren sunan."

Fuskar Pesi ta fito a wayar, tana tambaya wane irin ihu ne wannan, ko an fara bikin ba ita. Baba ya riƙe wayar da hannu biyu, ya kawo ta daidai tsakiyar idonsa.

"Pesi, nemo biro da takarda. Akwai abin da ke idona, kuma mai yiwuwa yana naki. Ba abin kuka ba ne, ki bar wannan fuskar. Rubuta."

Seini ta zauna a gefensa, ta buɗe takardar likita a cinyarta, ta sa yatsa a layin farko.